Sarauta Ta Allah Ce, Saboda Haka Mu Tafi

 

Akwai wata tambaya da ba ta tsufa a tsakanin masu bi. Idan Allah ne mai mulkin kome, idan ya riga ya san nasa tun kafin a kafa duniya, kuma ba mai iya hana nufinsa cika, to, me zai sa mutum ya bar gida da dangi ya tafi wa'azi inda ba a ma son ganinsa? Ɗalibai sukan yi wannan tambaya da baki a ajin Ilimin Addinin Kirista. Mu manya ba mu cika furta ta ba, amma takan bayyana a kwanon baiko ranar Lahadin mishan. Takan kuma bayyana a fuskarmu ranar da ɗan da muka sha wahalar biya wa kuɗin makaranta ya zo ya ce yana jin kira zuwa aikin bishara.

A ganina wannan tambaya ta juya gaskiya a baibai. Bangaskiya ga mulkin Allah ita ce ta fitar da masu bishara daga gidajensu, ita ce kuma ta riƙe su a bakin aiki sa'ad da kome ya nuna cewa a tattara kaya a koma gida. Zan kawo dalilaina daga Littafi Mai Tsarki da kuma tarihi.

Me ake nufi da mulkin Allah?

Sai mun fara raba tsaba da ƙaiƙayi. A ƙasarmu maganar nan "haka Allah ya so" ta zama bargon rufe sakaci. Ɗalibi ya kwashe zango guda yana wasa, ya faɗi jarrabawa, ya ce haka Allah ya so. Direba ya san birkinsa ya lalace, ya loda fasinja ya faɗa rami da su, a ce ƙaddara ce. Littafi Mai Tsarki bai koyar da wannan ba. Lalaci ne kawai ya ari rigar bangaskiya.

Abin da Littafi ke koyarwa shi ne, Allah Sarki ne mai nufi, kuma shi da ya shirya ƙarshen al'amari, shi ne ya shirya hanyar da za a bi a kai can. Kowane manomi ya san haka. Ruwan sama ba a hannunsa yake ba, tsiro ma ba a hannunsa yake ba. Amma ba mu taɓa ganin manomi mai hankali ya rataye fartanya a watan Yuni yana cewa in Allah ya nufa rumbu zai cika ba. Sanin da ya yi cewa Allah ne mai aiko da damina, shi ke ba shi ƙarfin zuciyar binne ɗan irin da ya rage masa, alhali ga 'ya'ya suna kallon rumbu ya kusa ƙarewa.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. Hadiri ya kama jirgin da ke ɗauke da Bulus zuwa Roma, da mutum 276 a ciki. Allah ya tabbatar wa Bulus cewa ba ran da zai salwanta. Da aka kai dare na 14, matuƙan jirgin suka so su sulale cikin ƙaramin kwalekwale su tsira su kaɗai. Bulus bai naɗe hannu ya ce ai an riga an yi alkawari ba. Ya faɗa wa shugaban sojoji cewa in mutanen nan suka bar jirgin, sauran ba za su tsira ba. Aka yanke igiyoyin kwalekwalen. Ya kuma matsa wa kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfi. A ƙarshe dukansu suka kai gaci, wasu da iyo, wasu a kan katako. Alkawarin ya cika sarai, amma ta hannun matuƙa da gurasa da iyo ya cika.

Na san ɗarikoki ba su zama ɗaya ba kan yadda za a bayyana zaɓen Allah da 'yancin mutum, kuma ba a wannan shafi za a raba gardamar da ta daɗe tsakanin manyan malamai ba. Amma duk wanda ya taɓa durƙusawa ya roƙi Allah ya tubar da ɗan'uwansa, ya riga ya amsa cewa zuciyar mutum a hannun Allah take. Wannan ya ishe mu a nan.

Abin da manzanni suka yi da wannan koyarwa

A ƙarshen Bisharar Matiyu, kafin Ubangiji ya umarci almajiransa su tafi wurin dukan al'ummai, sai da ya fara sanar da su cewa iko duka, na sama da na ƙasa, yana hannunsa. Umarnin tafiya a kan wannan iko ya tsaya. Mutum goma sha ɗaya ne, wasunsu masunta, ba kuɗi, ba soja, ba ɗaurin gindi a fadar Kaisar. Da ba a gaya musu wanda ke kan gadon sarauta ba, aika su duniya duka zai zama kamar aika yaro ya kwashe kogin Binuwai da ludayi.

A Koranti, birnin ciniki da lalata, Bulus ya gamu da zagi da hamayya. Da dare Ubangiji ya ƙarfafa shi ya ci gaba da magana, ya kuma ba shi dalili: yana da jama'a masu yawa a birnin. Da Bulus irin masu tambayarmu ne, da ya ce madalla, tun da naka ne, za su zo da kansu. Amma sura 18 ta nuna ya zauna shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa. Sanin cewa akwai girbi shi ya sa bai ajiye lauje ba.

Haka kuma wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Sura 9 ita ce mafi nauyi kan zaɓen Allah. Sura 10 da ke bin ta nan da nan ita ce ke nuna cewa mutane ba za su ba da gaskiya ba sai sun ji, ba kuwa za su ji ba sai an aiki mai wa'azi. Hannu ɗaya ne ya tsara surorin biyu, bai kuwa ga saɓani a tsakaninsu ba.

Baduku daga Ingila

A zamanin William Carey, baduku mai ɗinkin takalma wanda ya zama faston Baptis a Ingila, akwai masu koyar da cewa tun da ceto na Allah ne, ba ruwan ikkilisiya da al'umman da ke nesa. An ce da Carey ya tayar da zancen a taron fastoci, wani dattijo ya umarce shi ya zauna, wai in Allah ya ga dama zai tubar da su ba tare da taimakon kowa ba. Abin lura shi ne, Carey da abokinsa Andrew Fuller ba su yi musun mulkin Allah ba ko kaɗan. Sun riƙe shi gam. Abin da suka ƙi shi ne a mai da shi matashin kai.

A 1792 suka kafa ƙungiyar mishan a garin Kettering da alkawarin baiko na fam 13 da sule 2 da sisi. A 1793 Carey ya isa Indiya. Ɗansa mai shekara 5 ya rasu a can, matarsa ta taɓu, talauci ya dame shi. Sai a Disamba 1800, bayan shekara 7, aka yi wa Krishna Pal, wani kafinta, baftisma, shi ne na fari daga cikin mabiya addinin Hindu da ya tuba ta wurin aikinsu. A 1812 gobara ta cinye ɗakin ɗab'insu a Serampore tare da rubuce-rubucen fassara na shekaru. Carey ya sake ɗaukar alƙalami. Ya rasu a Indiya a 1834 ba tare da ya sake taka ƙasar Ingila ba. Mutumin da ke auna aikinsa da yawan masu tuba a kowace shekara ba zai kai shekara ta uku ba.

Kaburbura biyu: Girku da Bida

Mu dawo gida. A Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, ba kuma wata babbar ƙungiya a bayansu. Nufinsu su kai bishara cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato faɗin ƙasashen da ke kudu da Sahara, har da namu. Wani babban ɗan mishan da suka tarar a Legas ya gaya musu cewa ba za su ga ƙasar ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai dai ko jikoki.

Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas. Sauran biyun suka nausa arewa. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma Kanada ba tare da ko mutum ɗaya da zai nuna ya ce ga amfanin tafiyar ba. A 1900 ya sake zuwa, zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka mai da shi gida. Sai a yunƙuri na uku, a 1902, aka kafa tashar farko ta mishan ɗin SIM a Patigi, a bakin Kwara.

A lissafin ɗan adam, a 1895 ya kamata a rufe littafin. Abin da ya hana shi ne tabbacin cewa Allah yana da jama'a a ƙasar nan, kuma mutuwar ma'aikaci ba ta soke nufin Mai aikin. Daga wannan tushe ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, yau kuwa masu sujada a cikinta miliyoyi ne. Ƙungiyarta ta bishara, EMS, tana da 'yan mishan fiye da 1,000, 'ya'yan ƙasar nan, wasunsu har a ƙasashen waje. Haka labarin yake ga Karl Kumm da abokansa uku da suka isa Wase a 1904, da kuma Stover Kulp da Albert Helser da suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923.

Kada kuma mu manta da abu guda. Mutuwa ta ragu a tsakanin 'yan mishan sa'ad da suka koyi shan kwinin a kai a kai da kwana cikin gidan sauro. Ba wanda ya ce wannan rashin bangaskiya ne. Allahn da ya aike su, shi ne ya sa magani a ɓawon itace.

Sa'ad da aka kori ma'aikata

Akwai labari daga Habasha da ya kamata kowane ɗalibinmu ya sani. 'Yan mishan na SIM sun fara aiki a ƙasar Wolaita a 1928. A 1935 Italiya ta kai wa Habasha yaƙi, a 1937 kuma aka fitar da 'yan mishan daga yankin. Sun bar masu baftisma 48, da ɗan guntun Littafi Mai Tsarki a harshensu. Masu bi suka sha bulala da kurkuku. Bayan an kori Italiyawa a 1941, 'yan mishan suka dawo suna fargabar ko za su tarar da kowa. Suka tarar da dubban masu bi da majami'u a ƙauyuka da yawa. Manoma ne suka yi wa'azin, maƙwabci ga maƙwabci.

Darasin yana da kaifi biyu. Yana ƙarfafa mu, gama ba gwamnatin da za ta iya korar Ruhu Mai Tsarki. Yana kuma ƙasƙantar da mu, gama aikin bai mutu ba da aka ɗauke waɗanda ake gani kamar su ne ginshiƙansa. A nan gida ma haka aka yi. Yawancin ƙauyukanmu ba daga bakin Bature suka fara jin bishara ba. Daga bakin wani malamin bishara ne da ya ƙaura da iyalinsa, ya roƙi gona wurin mai gari, yana noma da rana yana koyar da karatu da yamma.

Halin da wannan bangaskiya ke haifarwa

Na farko, haƙuri. Mai bishara da ya san ba shi ne mai sa tsiro ba, ba zai karaya don shekara ta wuce ba wanda ya amsa ba. Abin da ake nema gare shi aminci ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, tawali'u. Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa shi shuka ya yi, Afolos ya yi ban ruwa, amma girman daga Allah ne. Idan majami'a ta cika, ba abin da fasto zai yi taƙama da shi. Da mun riƙe wannan, da gasar da ke tsakanin ɗarikoki kan satar tumakin juna ta ragu.

Na uku, tsabtar hanya. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasa irin tamu, inda muke zaune kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtanmu Musulmi da masu bin addinin gargajiya. Wanda ke zaton shi ne zai juya zuciyar mutum, shi ne ke faɗawa cikin tilastawa, ko ruɗi da kyauta, ko zagin abin da wani ke girmamawa. Amma a Filibi, Ubangiji ne ya buɗe zuciyar Lidiya mai sayar da tufafi, Bulus magana kawai ya yi a bakin kogi. Wanda ya gaskata haka zai faɗi gaskiya a fili cikin ladabi, ya yi wa maƙwabcinsa alheri ko ya karɓa ko bai karɓa ba, ya bar sauran ga Allah. Asibitin mishan da ke duba maras lafiya ba tare da tambayar addininsa ba, a kan wannan tushe aka gina shi.

Na huɗu, addu'a. Ba a kai kuka fadar da ba ta da iko. Tsohuwar da ba ta iya zuwa ko'ina ba, amma tana ambaton sunan mai bishara kowace asuba, tana cikin aikin dumu-dumu.

Na biyar, ba a yanke wa kowa ƙauna. Ba ƙabila ko gari ko mutum da za mu ce wannan ya fi ƙarfin bishara. Shawulu yana kan hanyar Dimashƙu da takardun kama masu bi sa'ad da aka kama shi.

Tambaya mai zafi

Wani zai ce, Malam, magana tana da sauƙi a kan takarda. Ina mulkin Allah yake sa'ad da ake ƙone majami'u? Gaskiya ne, bai kamata a amsa wannan da gaggawa ba. A 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar ikkilisiyar EYN a Kwarhi, shugabanninta suka yi hijira zuwa Jos, dubban 'ya'yanta suka rasa rai ko muhalli. Akwai iyalai a cikin masu karanta wannan shafi da har yanzu ba su share hawaye ba. Mulkin Allah bai mai da mugunta alheri ba, kuma masu aikata ta za su ba da lissafi. Bai kuma hana mu neman tsaro da adalci daga hukuma ba, yadda Bulus ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma.

Abin da wannan koyarwa ke ba mu shi ne tabbacin cewa mugu ba shi ne mai magana ta ƙarshe ba. Bayan an jajjefe Istifanas, tsanani ya warwatsa masu bi daga Urushalima, su kuwa suka tafi da maganar duk inda suka sa ƙafa, har Samariya da Antakiya. 'Yan'uwanmu na EYN sun koma Kwarhi, a 2023 kuma suka yi bikin cika shekara 100. Ku cire mulkin Allah daga wannan labari, ba za ku rage zafin ba ko kaɗan, begen kawai za ku cire.

Zuwa ga 'ya'yanmu

Ku 'yan aji shida, ba da daɗewa ba za ku watsu. Wasu za su tafi jami'a, wasu kwalejin horon malamai ko ta aikin jinya, wasu kasuwa ko gona. Bautar ƙasa za ta kai wasunku garuruwan da ba ku taɓa jin sunansu ba. Kada ku ɗauka hannun ma'aikacin ofis ne kaɗai ya rubuta sunan garin a takardarku. Ku je can a matsayin aikakku. Ku koyi harshen mutanen, ku gaishe da dattawansu, ku riƙe aikinku da gaskiya, ku kuma kasance a shirye ku ba da dalilin begenku ga duk wanda ya tambaya. Ku fara tun yanzu a taron FCS da ɗakin kwana, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Wataƙila a cikinku akwai wanda Ubangiji ke kira ga aikin bishara ɗungum. Ka yi shawara da fastonka, ka nemi horo mai kyau, kada tsoron talauci ya rufe maka kunne. Iyaye kuma, ina roƙonku da girmamawa, in yaro ya zo da wannan magana, kada mu zama mu ne dattijon da ya ce a zauna. Da iyayen Gowans da Kent sun tsare ƙofa, da labarin wasunmu ya zama dabam. Ikkilisiya kuwa ta tuna cewa mai bishara yana da ciki, 'ya'yansa kuma suna bukatar kuɗin makaranta. Allahn da ke ciyar da shi ya zaɓi ya yi hakan ta aljihunmu.

Nufin Allah zai cika, da mu ko ba mu. Alherinsa ne ya sa ya ba mu wuri a cikin gonarsa. Ubangiji ya ba mu kunnen ji da ƙafar tafiya, ya kuma tsare fitarku da shigarku. Amin.